Yambale, Maharbin da Ya Ƙi Sauka daga Tsauni

Tun zamanin da mutanen tsaunukan Papua ba su san ƙarfe ba, suna sare itace da gatarin dutse, akwai wasu 'yan bukkoki a kan wani tsauni da ake kira Molenge. Wuri ne mai tsayin gaske, har gajimare ma ta ƙarƙashinsu yake wucewa. Abincinsu dankali ne, safe dankali, yamma dankali, ɓawon a ba aladu. Maza su kafa shinge su tafi farauta, mata su riƙe gona da sandar tono. Namiji ya taɓa sandar nan? Ai sai ya zama abin dariya har jikokinsa.

Babbar masifarsu ita ce farar raɓa. Wata shekara sai ruwa ya ɗauke, sama ta washe tas, da asuba raɓa ta daskare a kan ganye fari fat. Kafin rana ta take ganyen ya yi baƙi, dankalin da ke ƙasa ya ruɓe. Idan haka ta faru, gari duka sai ya tattara ya gangara kwari wurin surukai, a zauna cin arziƙi har ƙasa ta farfaɗo. To amma hanyar sauka ta bi ta jikin wani dutse ne a tsaye, inda mutum ke rarrafe da hannu da ƙafa, ba dama ka goyi kowa. Saboda haka tsohon da ƙafa ta ƙi, sai a tara masa itacen wuta da ɗan abin da ya rage, a ja masa ƙofa a tafi. Su ba su ɗauke shi mugunta ba, haka suka tarar. Ni dai duk lokacin da na zo nan a labarin, raina ɓaci yake yi.

A wannan gari aka yi wani maharbi, Yambale. Dogo ne, miskili, maganarsa ba ta da yawa. Idan ya dawo daga daji akan tare shi da kirari: Yambale na Tendewan, mai kwana inda gajimare ke kwana, kibiyarka ba ta san ƙasa ba! Tendewan ɗin nan uwarsa ce, tsohuwa mai kaifin baki wadda a zamaninta ba macen da ta kai ta noma. Amma ƙafafunta sun riga sun mutu, da gindi take ja daga murhu zuwa ƙofa.

Sai ga shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke, ƙoramu suka fara ja baya. Pokale, dattijon gari kuma ƙanen uban Yambale, ya tara maza ya ce kowa ya fara shirin sauka. Ba wanda ya ambaci Tendewan, amma kowa ya san inda maganar ta nufa.

Yambale ya ce, "Baffa, Inna fa?"

Pokale ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, ni da hannuna na ja wa tawa uwar ƙofa. Kana tsammani ban ji zafi ba?"

Yambale ya ɗauki bakansa ya nausa kurmin da ke gangaren tsauni, zuciyarsa a dagule. Can cikin itatuwa ya ci karo da wata tsuntsuwa baƙa, girman zakara, mai manyan ƙafafu, tana ta watsa ganye baya tana tara shi a kan wani tsibi da ya kai ƙirjin mutum. Ya ɗana kibiya. Masu ba da labari sun ce tsirkiyar ta ƙi jawuwa, kamar an ɗaure masa hannu, tsuntsuwar kuma ta juyo ta dube shi ido cikin ido kafin ta shige daji. Waɗansu na cewa kurwar ubansa ce. Oho, ni ban kasance a wurin ba.

Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, ya tura hannu cikin tsibin yana neman ƙwai. Safiya ce mai sanyi, yatsunsa duk sun ƙage, amma da hannunsa ya nutse sai ya ji ɗumi, kamar ya sa hannu a tokar jiya. Ashe tsuntsuwar ba ta kwanci, ruɓaɓɓen ganye ne ke ɗumama mata ƙwai. Ya daɗe a durƙushe a wurin, yana tunanin ko irin wannan ɗumi zai kare dankalinsu daga farar raɓa. Ya mayar da ƙwan da ya ciro, ya rufe, ya kamo hanyar gida da sassarfa.

Da isarsa ya ajiye baka ya ɗauki sandar tonon uwarsa. Tirƙashi! Gari ya ɗauka. Mata suka fito suna riƙe baki, samari na yi masa kukan kaza idan ya wuce. Ya yi kunnen uwar shegu da su, ya tara busasshiyar ciyawa ya rufe da ƙasa, ya yi tsibi irin na tsuntsuwar. Bayan 'yan kwanaki ya tura hannu, ya ji sanyi ƙalau. Ya koma ɗaki ya zauna jugum.

Tendewan ta ce, "Kai, jarumin kaji, me ka binne a ciki?"

Ya ce, "Busasshiyar ciyawa, Inna."

Ta yi tsaki ta ce, "Busasshe yana ruɓewa ne? Ka girma a gindin gona amma idonka na kan itatuwa. Ɗauke ni ka kai ni wurin."

Ya goya ta har gona. Tana zaune a kan kututture tana ba da umarni, shi kuma babban maharbi yana ta kai da kawowa. Ta sa ya zuba ɗanyar ciyawa da tsohon yaɗon dankali da kashin aladu, ya yayyafa ruwan da ya ɗebo a gora, sannan ya tara ƙasa sama. Ta ce ya dasa irin a can ƙololuwar tsibi, domin ta lura tun tana budurwa cewa sanyi ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, kwari yake fara ci. Haka suka yi ta yi, uwa da baki, ɗa da hannu, har tsibi ya cika gonar.

Farar raɓa ta sauka. Gonakin gari suka ƙone ƙurmus, aka yi ta kuka ana ɗaure kaya. Pokale ya zo ƙofar bukkarsu ya ce, "Taso mu tafi, ɗana. Kada mu rasa mutum biyu."

Tendewan ma ta ce, "Bi su mana. Ni na ci zamanina."

Yambale ya ce, "Inna, duk maganarki na bi, ban da wannan."

Aka tafi aka bar su. Sun sha wuya, kada in ɓoye muku. Ganyen da ke gindin tsibi ya mutu, nama ya yi ƙaranci a daji, akwai ranar da ruwan zafi kaɗai suka sha. Amma kowace safiya Yambale ya fita, sai ya tarar da ƙasa fari fat, kan tsibi kuwa kore shar, ɗan tururi na tashi daga jikinsa. Ranar da ya tono dankalin farko ya gasa ya miƙa mata, tsohuwar nan mai kaifin baki ta riƙe shi da hannu biyu ta fashe da kuka.

Da ruwa ya dawo, mutanen Molenge suka hauro a rame, ba su da ko irin da za su dasa. Pokale ya wuce gaba don ya binne ƙasusuwan 'yan'uwansa. Sai ya hango hayaƙi. Ya ƙaraso ya tarar da Tendewan zaune a ƙofa, ga damman irin dankali jibge a gefenta. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka rame, Pokale. Zauna ka ci, sannan ka kira mini matan gari, kowace ta zo ta karɓi nata."

Dattijon ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa da hannu. Ba wanda ya tambaye shi wa yake tunawa.

Tun daga wannan shekara mutanen Molenge suka koma noman tsibi, maza su tara, mata su dasa, garin ya kafu ya daina watsewa. Har yau yana nan a kan tsauninsa, ba titi, ba wutar lantarki, sai ka yi tafiyar ƙafa mai tsawo kafin ka kai. Ba sa harbin tsuntsuwar nan, kuma sabon tsibi ba a dasa masa iri sai an ɗauko tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan, ko da goyo ne, ta tura hannu ta ce ya yi ɗumi. Tendewan ta rayu ta ga jikokin Yambale, ta mutu a ɗakinta, jama'a kewaye da ita. Farar raɓa ta sake zuwa sau da dama bayanta, amma ba a ƙara ja wa wani tsoho ƙofa a Molenge ba.