Akuyar da ta hana sarki sauka

Dalilin da ya sa akuya ba ta ganin tudu ta ƙyale, ko katanga ce ko juji, sai ta hau ta tsaya tana leƙen nesa, ku matso ku ji shi. A da can ba haka take ba, kanta a ƙasa yake kamar na tunkiya.

A wani tsibiri na ƙasar Girka aka yi wani sarki jarumi, Melandiros. Yana jariri maƙiyan ubansa suka jefar da shi a gindin dutse, wata akuya ta tsince shi ta shayar da shi. Da ya girma ya ƙwato sarautar gidansu, ya kawo ta fada. Inna yake ce mata, kuma ba wanda ya isa ya yi dariya. In ya dawo daga tafiya, ita ke riga kowa zuwa bakin teku ta soka kai a tafin hannunsa.

Wata shekara ya tafi yaƙi, ya ci garuruwa. A hanyar dawowa guguwa ta taso wa jirginsa, har ruwa ya kai wa mutanensa gwiwa. Sai Sarkin Ruwa ya ɗago kai daga cikin teku.

Ya ce, "Me za ka ba ni in bar ku?"

Melandiros ya ce, "Faɗi abin da kake so."

"Mai ran da ya fara tarbarka ranar da ka taka ƙasarku, shi za ka yanka mini."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya amsa, teku ta kwanta.

Da tsibirin ya bayyana, sarki ya hango gonakin zaitun da hayaƙin gidaje, daɗi ya kama shi. Can sai ga wani ɗan farin abu yana gangarowa da gudu zuwa bakin ruwa. Ashe Inna ce.

Ya ce wa matuƙin jirgin, wani tsoho mai suna Forbanos, "Juya."

"Ranka ya daɗe, akuya ce fa."

"Nononta na sha. Juya."

Forbanos ya kawo dabara, aka aika mutane a kwalekwale suka ɗaure ta. Kun dai san akuya da igiya, kafin jirgi ya matso ta cinye ta. Aka kulle ta a garke, ta tsallake. Kuma wa zai zaunar da akuya ya yi mata bayanin alkawari?

Sarki ya sallami mutanensa suka koma gida, ya aika wa ƙanensa da sandar mulki. Forbanos kaɗai ya ƙi tafiya.

Ya ce, "Shekara nawa akuya ke yi a duniya? Mu jira."

Sarki ya ce, "Kada ka ƙara yi mini lissafin kwanakinta."

Haka suka yi ta kewaya tsibirin. Kewar gida ta ci shi ƙwarai, har ƙamshin gurasar garin iska kan kawo masa. Ita kuwa Inna ta koyi hawa dutse don ta hango shi. In jirgi ya matso ta gangaro da gudu, in ya juya ta koma sama, ta ƙara hawa gaba da inda ta tsaya jiya. Shi yana ɗaga mata hannu, ita tana kiransa.

Mai jiran wani ba ya saurin mutuwa. Furfura ta rufe sarki, Inna tana nan. Shi ya riga ta, ya cika yana kallon dutsen. Forbanos ya juya jirgin ya nausa cikin teku, ba a sake ganinsa ba.

Inna ta ci gaba da hawa, 'ya'yanta na bin ta, har ranar da suka hau ba ita.

Shi ya sa har yau akuya ke hawa katanga ta miƙa wuya tana dube-dube. Ku daina jifarta. Ba wanda ya gaya mata cewa sarki ba zai dawo ba.