Askin Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, da zafinta.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ke Kande, matso kusa da ƙafata. An ce tun rana kike kumbure-kumbure don yara sun ce kunnenki kamar faifai. To buɗe faifan ki saurara.

Barewa ce ta haihu, ranar suna dabbobi suka taru. Gizo ne wanzami. Da ya gama yi wa jariri aski, mata suka shiga karɓarsa hannu-hannu suna sa albarka. Aka zo kan Bushiya, ta miƙo hannu, sai Barewa ta janye ɗanta.

"Haba Bushiya, da wannan jikin naki? Gan shi daga nan ma ya isa."

Aka kwashe da dariya. Bushiya ta mayar da hannunta, ko fura ba ta sha ba ta ja 'yarta suka fita. Maganar nan ta ci mata rai, ta ji ta tsani jikinta.

Shi kuwa Gizo ya daɗe yana kwaɗayin namanta. Sau uku yana kai mata cafka, sau uku matarsa Ƙoƙi na cire masa ƙaya a baki. Sai ya bi Bushiya da jakar aski a kafaɗa.

"Baiwar Allah, abin da aka yi miki ya ƙona mini rai. Ai ke kyakkyawa ce, ƙayar ce ta rufe ki. Zo rumfata ranar kasuwa, don Allah zan yi miki."

Ranar kasuwa ta je. Gizo ya sa matsefata ya tsige ƙayar gadon bayanta ɗaya bayan ɗaya, jini na tsatsafowa, ita kuwa ta cije. Ya miƙo mata ƙwaryar ruwa ta duba.

"Na yi kyau, Malam Gizo?"

"Kin kusa. Saura gefe."

A gida 'yarta ta ga bayan, ta fashe da kuka. "Inna, ni fa a jikinki nake kwana tun da kika haife ni, ba ki taɓa soka ta ba."

"Rufe mini baki, me kika sani? In an gama da ni, ke ma zan kai ki."

Kasuwa ta zagayo, Gizo ya tsige gefe da gefe. Ta dawo tana tafiya da ƙyar, ƙuda na bin ta.

A kasuwa ta uku ta riƙo hannun 'yar suka tafi tare. Gizo ya tsige na goshi, ya karkaɗe hannu. Ga Bushiya tsaye jawur, kamar kazar da aka fige.

"Yanzu fa, na yi kyau?"

"Yanzu kam kin yi," in ji Gizo. Ya leƙa bayan rumfa. "Ƙoƙi, ɗora tukunya."

Nan Bushiya ta gane. Ta dunƙule yadda ta saba tun tana ƙarama, amma ina, babu abin da zai tare mata. Gizo ya ɗauke ta da hannu ɗaya kamar curin fura. Tana hannunsa ta ɗaga murya.

"Dunƙule, 'yata. Kome ya faɗa miki, kada ki buɗe."

Yarinya ta dunƙule. Gizo ya dawo yana lallashi. Ya ce mata kyakkyawa, shiru. Ya ce mata mummuna, shiru. Ya kai baki, ya tashi da jini. Tana jin tukunyar uwarta na tafasa, tana kuka a cikin ƙayarta, ba ta buɗe ba. Da ya gaji ya shure ta cikin ciyawa.

Shi ya sa har yau in ka taɓa bushiya sai ta dunƙule, ko zaginta kake ko yabo.

To Kande, kin ji. Jikin da Allah ya ba ka da dalilinsa, kuma wanda ya ce sai ya rage ka za ka yi kyau, duba bayan rumfarsa. Share hawayen nan, da kunnuwan nan aka auri kakarki.

Ƙungurus kan kusu, ku tashi wuta ta mutu.