Tasalla da Dutsen Niƙa

An yi wata baiwar Allah a wani gari tun zamanin da, sunanta Tasalla. Ba ta da kowa, ba ta da komai, sai aikin niƙa da take ci da shi.

A zamaninta talakawa suka gaji da wani azzalumin sarki, suka yi masa tawaye. Mayaƙansu suka ɓuya a kan wani tsauni, suna jiran 'yan'uwansu su iso. Jagoransu, Jatau, ya hana hura wuta, don hayaƙi zai tona musu asiri. To, ku saurara ku ji halin maza. Ga gero tuli a gabansu, amma kwana uku ba wanda ya sa komai a bakinsa. In ba tukunya, mazajen naku ba su san ta inda za su ɓullo wa hatsi ba. Har wasu sun fara naɗe tabarma, kuma in suka watse, ƙauyukansu sun zama toka.

Tasalla ta ji labari, ta hau tsaunin, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, gumba ai ba ta neman wuta."

Jatau ya ce, "Iya, ƙarar turmi ta fi hayaƙi nisa. Koma gida, wannan ba wurin mata ba ne."

Ta ce, "Ban ce turmi ba, ɗana."

Ta sauka, ta bi gida-gida. Mata arba'in suka ɗauko duwatsun niƙa a ka, suka hau. Suka jiƙa gero, suka yi ta markaɗe, suna dunƙulawa. Kwana tara, jama'a. Tafin hannun Tasalla ya saɓule, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. In an ce ta huta, sai ta ce, "Akwai wanda bai ci ba?"

A rana ta goma taimako ya iso. Mayaƙa suka gangaro da ƙarfinsu, kafin la'asar azzalumi ya ari ta kare. Makaɗa suka fara wasa Jatau, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku tsaya. Ku fara da matan nan, da hannunsu muka ci yaƙi."

Wallahi ina son mutumin nan, don ya san gaskiya.

Ya 'yan'uwa, Allah ba ya raina ƙaramin aiki, kada mu raina. Duk wanda ya tsaya da ƙafarsa, akwai hannun da ya ciyar da shi. Kai da ka ci tuwo ka wanke hannu ka taho nan, yaushe rabonka da ce wa mai tuƙa shi sannu?