Ƙarar Sandar Ɗanta

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye inda ake yin wani wasa idan an gama girbi. Ƙwallon sanda suke ce masa. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya tsaya da sanda ya doke ta, sa'an nan ya ruga ya zaga fili kafin a tsinto ta. Wanda ya kai duka sau uku bai samu ba, sai ya ajiye sanda ya koma gefe.

Manomin nan gwani ne a dā. Cikin jifa goma yakan doki shida ko bakwai. Wata rana ma ya doki ƙwallo ta haye ɗorawar da ke ƙarshen fili, aka yi shekaru ana ba da labari. Shi kansa ya ba da labarin har kaji suka haddace shi.

Yana da uwa tsohuwa, idanunta sun rufe. Duk ranar wasa yakan riƙo hannunta, ya shimfiɗa mata tabarma a bakin fili. Ba ta ganin kome, amma in sandarsa ta haɗu da ƙwallo, sai ta ɗaga kai ta ce, "Wannan ɗana ne." Ba ta taɓa kuskure ba.

Sai ga wata shekara hannunsa ya ƙi. Cikin goma da ƙyar ya doki ɗaya, a kwana a tashi ɗayar ma ta gagara. Ya sassaƙa sabuwar sanda, ya ce tsohuwar ta lanƙwashe. Ya ce rana ce take kashe masa ido. Ya ce mai jifan mugu ne. Mako shida uwar tana zaune a kan tabarmarta, kunnenta a buɗe, ba ta ji abin da ta zo ji ba. Ga shi ƙarfinta yana raguwa, sai sun huta sau biyu a hanya kafin su kai fili. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ba ya son kome a duniya kamar ya sāke jin ta ce, "Wannan ɗana ne," tun tana da sauran kwana.

Saura wasa ɗaya a shekarar. Suna komawa gida da yamma, ya ce mata, "Mama, ki yi haƙuri. Ranar Asabar sai na doki ƙwallo ta haye ɗorawar nan saboda ke."

Ta tsaya ta huta, ta ce, "Ɗana, ina kake dubawa in an jefo maka?"

Ya ce, "Kan ɗorawa."

Ta ce, "Na sani. Nakan ji iskar sandarka ta wuce, sa'an nan ƙwallon ta iso. Gaggawa kake yi. Ni fa ko a wancan lokaci ban ga inda ta faɗi ba, mutane ne suka gaya mini. Ba nisa nake zuwa ji ba. Ƙarar nan kawai nake marmari."

Ranar Asabar ya ɗauko tsohuwar sandarsa. Jifa na fari ya kuskure, gama idonsa ya saba da kallon ɗorawa. Na biyu ma haka. Sai ya sauke numfashi, ya zuba ido a hannun mai jifa, ya bi ƙwallon da kallo, ya jira har ta iso gabansa. Bai sa ƙarfi duka ba, taɓa ta kawai ya yi.

Ƙwallon ta gangara, ko tsakiyar fili ba ta kai ba. Ba wanda ya yi tafi. Amma yana cikin gudu ya waiwaya, ya ga tsohuwa ta ɗaga kai, tana taɓa matar da ke kusa da ita tana cewa, "Wannan ɗana ne." Kafin girbi na gaba an naɗe tabarmar nan, ba a ƙara shimfiɗa ta ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Ɗorawa ita ce babban abin da muka taɓa yi wa Ubangiji, ko wanda muke mafarkin yi. Wani yana tuna lokacin da yake azumin kwana uku, yau ko addu'ar cin abinci ba ya yi, wai yana jira zafin dā ya dawo. Wata ta bar ƙungiyar mawaƙa domin muryarta ba ta kai inda take kaiwa a dā. Wani ya ce sai ya gyara rayuwarsa sarai kafin ya taka ƙofar sujada. Idonmu yana can sama, abin da Allah ya jefo mana yau kuwa yana wucewa ta gabanmu. Maƙwabci ne marar lafiya da ba mu gaishe shi ba, ko ɗan'uwa da muka ƙi yafe wa. Mu kuskure, mu ce laifin sanda ne.

Tsohuwar nan kuwa tana nuna mana zuciyar Ubanmu na sama, ko da yake shi yana ganin kome, ba ya kuwa tsufa. Ba bajinta yake nema a wurinmu ba. Ya san muryar kowane ɗansa cikin dubbai, yana kuma marmarin jinta. Mu ne kwanakinmu suke ƙarewa, ba mu san Asabar nawa suka rage mana ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku sauke ido daga ɗorawa. In addu'arku ta yau ba ta fi kalma biyar ba, ku yi ta. Mutane ba za su yi tafi ba. Amma akwai wanda ya daɗe a bakin fili yana saurare, da ya ji kuwa zai ce, "Wannan ɗana ne."