Dalilin Da Ya Sa Warin Hulba Ke Fita A Gumi

Dalilin da ya sa in mace ta sha hulba ake jin warinta a guminta, har a zanenta da matashin da ta kwanta a kai, ba ƙazanta ba ce, ba kuma rashin wanka ba ne. Na ga wasunku suna toshe hanci suna dariya in yayarsu mai jego ta gifta. Ku bar dariyar nan, ku gyara zama, ku ji yadda aka yi.

A zamanin da, hulba ba ta da wari, ba ta da ɗaci. In aka daka ta aka zuba a kunu, sai ta ɓace kamar ruwa cikin ruwa. A wancan zamanin kuma tsirrai suna amsa magana in wanda ya san su ya kira su.

To, a wani gari da ake kira Tudun Gamji akwai wata ungozoma, Gwaggo Tabawa. Tsohuwa ce siririya mai faɗa, wadda ba ta yarda a yi abu rabi da rabi. Rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya, saboda haka ba wanda take jin nauyin yi wa tsawa.

Wata rana wata mata mai suna Kande ta haihu, amma ruwan nono ya ƙi zuwa. Jariri ya yi ta kuka har muryarsa ta dishe. Da hantsi Gwaggo Tabawa ta zo da ƙoƙonta na hulba, ta daka mai yawa, ta dama kunu cikin babbar ƙwarya, ta ba Kande ta sha. Sannan ta zagaya bayan ɗaki don ta duba ruwan wankan jego.

Fitarta ke da wuya sai ga mata 'yan barka. A cikinsu akwai Inna Marka da matar ɗanta, Delu, wadda ba ta daɗe da aure ba. Delu tana da ciki, amma ba wanda ya sani, har mijinta. Kun san cikin fari abin kunya ne a wajen matanmu. Sai ta riƙa sassauta ɗaurin zane, tana lulluɓa da babban mayafi, in tashin zuciya ya taso mata ta ɓuya bayan rumbu.

Uwar Kande ta ga baƙi sun cika ɗaki, ga kunu ya rage da yawa. Ta ce, "Ai ba a shiga ɗakin haihuwa a fita da baki a bushe. Bismillah." Ƙwarya ta zagaya, kowa ya yi ludayi ɗaya. Da ta iso gaban Delu, wadda ta kwana biyu abinci ba ya zama a cikinta, sai ta ji kunun ya zauna mata daram. Ta juya baya, ta shanye sauran tas.

Ba a gama gaisawa ba Delu ta dafe mararta. Ta cije leɓe, ta sunkuyar da kai, don kar uwar mijinta ta gani. Da ciwon ya sake murɗo ta, sai ta zame daga tabarma ta faɗi.

"Innalillahi! Yarinyar nan, me ya same ki?" in ji Inna Marka. "Gwaggo! Gwaggo Tabawa, taho!"

Tsohuwa ta shigo da hannu a jiƙe. Ta dubi Delu, ta dubi ƙwaryar da ke kife. Ta durƙusa ta yaye mayafin, ta ɗora tafi a kan marar, sai ta ji ciki ne.

"Wa ya ba mai ciki kunun mai jego?"

Inna Marka ta saki baki. "Mai ciki? Wace? Tawa? Muna gida ɗaya, muna cin tuwo ɗaya?"

"Taki. Kina da ido kamar na mujiya, amma ba ki gani ba." Ta juya kan uwar Kande. "Ke kuma sarkin kyauta, magani na dama, kika mai da shi fura ta baƙi!"

"Wallahi Gwaggo kunu ne kawai a bakina. Da na ji wani abu daban, da ban bayar ba."

Gwaggo Tabawa ta san matar gaskiya ta faɗa, wannan kuwa ya fi komai ƙona mata rai. Ta san aikin hulba: takan kawo nono, takan kuma matse mahaifar mai jego ta fitar da sauran abin da ya rage. Ga shi yanzu tana matse mahaifar da ke riƙe da rai. Ta fizgo ƙoƙonta, ta zazzage ƙwayoyin a tafinta, ta daka musu tsawa.

"Ke Hulba! Wa ya aike ki jikin yarinyar nan?"

Sai wata 'yar siririyar murya ta fito daga tafin. "Ludayi ne ya aike ni, ungozoma. Inda aka zuba ni, nan nake aiki. Na tarar da ɗaki a rufe da kaya a ciki, ina share shi kamar yadda kika saba sa ni."

"Kayan nan mutum ne!"

Ƙwayoyin suka yi tsalle a tafinta. "Mutum? Subhanallahi! Ba wanda ya gaya mini. Mai cikin ma ba ta gaya wa kowa ba, ni zan sani?"

"Ita kunya ta rufe mata baki. Ke me ya rufe naki? Ko ɓarawo in zai shiga gida yakan taka kara a ji motsinsa. Ke kin shiga cikin mutane ba sallama. Fito yanzu!"

"Ta ina? Na bar tumbi, na shiga jini, amai ba zai kawo ni ba. Ƙofa ɗaya na sani, ta ƙasa. In kuwa na bi ta, tare da shi zan fita."

Delu tana kwance tana ji. Yarinyar da ba a taɓa jin muryarta a gaban manya ba sai ta ɗaga kai ta ƙwala kira. "Gwaggo, kar ta bi nan! Ta tsaga ni ta fita, amma ta bar mini ɗana!"

Mata suka dafe ƙirji. Mace ta ce "ɗana" a kan cikin fari, a gaban uwar mijinta! Wata ta rufe fuska da mayafi. Inna Marka kuwa ta jawo kan Delu ta ɗora a cinyarta, hawaye na zuba, ta ce, "Faɗi, 'yar nan. Faɗi da ƙarfi ta ji."

Gwaggo Tabawa ta tsura wa yarinyar ido, tana neman mafita. Sai ta ga ɗigon gumi ya tsattsafo a goshinta. Ta sa yatsa ta nuna.

"Ga ƙofa nan."

"Waɗannan 'yan ramukan?" in ji Hulba. "Ungozoma, sai na murƙushe kaina fiye da dakan turmi kafin in wuce. Akwai wari a can cikin ƙwayata da nake ɓoyewa tun da aka halicce ni. In na fashe zai fito, kuma ba zai koma ba har abada. Mata za su riƙa toshe mini hanci."

"Su toshe. Hancinsu da ran yaron nan, wanne ya fi? Fito, na ce!"

Can sai gumi ya karyo wa Delu, daga kai har tafin ƙafa, rawaya-rawaya kamar ruwan rini. Wani wari da ba a taɓa ji ba a duniya ya turnuƙe ɗakin. Mata suka yi waje suna tari, wata tana tambaya ko wani abu ne ya ƙone. Gwaggo Tabawa ba ta motsa ba. Hannunta yana kan marar, tana jin yadda murɗawar ke raguwa, tana raguwa, har ta tsaya. Ta jira. Sai ta ji wani ɗan motsi a ƙarƙashin tafinta, kamar kifi ya juya a ruwa.

"Yana nan," ta ce.

Inna Marka ta rangaɗa guɗa tana kuka.

Hulba ta ce a gajiye, "To ungozoma, na biya ko?"

"Ba ki gama ba. Wannan gyaran ɓarnar yau ce. Gobe fa? Daga yau sai ki yi sallama sau biyu: a ji warinki tun daga bakin ƙwarya, a ji ɗacinki a kan harshe. Wadda ta ɗauka bisa kuskure ta sani tun ludayin farko, ta ajiye."

"Har da ɗaci? Ba kya rangwame?"

"A kan rai ba na yi."

Haka aka rabu. Da lokaci ya yi Delu ta haifi 'ya mace lafiyayya, kuma a jegonta ita ma ta sha hulba tana yamutsa fuska.

Shi ya sa har yau hulba take da ɗaci, take da wari, kuma duk wadda ta sha sai ta fito mata a gumi, don hanyar da aka nuna mata ke nan. Masu cika ta da sukari da kayan ƙamshi su sayar wa mata ba bayani, su sani sallamarta suke toshewa, kuma ya kamata su bari. Ku kuwa, in aka miƙo muku ƙwarya kuka ji wari ya riga ludayi isowa, ku tsaya ku tambaya: na wane ne, kuma na mene ne?