Gangar Ado da Gwiwar Sha'ibu

A Droum akwai wani makaɗin 'yan kokawa da ake kira Ado. Na san shi, mutumin kirki ne, kuma in ya rataya ganga ko tsohuwa sai ta gyaɗa kai. Aibinsa ɗaya ne: ba ya jure a yi masa dariya a bainar jama'a. Ka zage shi ku biyu, sai ya ba ka goro. Amma ka yi masa shaguɓe a gaban mutane, to ranar ko tuwo ba zai ci ba.

Ɗan kokawar da yake yi wa kiɗa shi ne Sha'ibu, amininsa tun suna kiwon awaki. Ado ne ya ƙaga masa take, wato kiɗan da ake kiran ɗan kokawa da shi ya shigo fili. Wanda ya san kokawa ya san aikin take. In an kaɗa wa mutum nasa, ko abinci yake ci sai ya miƙe. Shekara goma sha ɗaya Ado bai taɓa kaɗa taken nan Sha'ibu ya zauna ba, kuma da wannan yake tinƙaho.

Wata kaka, bayan an ɗaure gero, aka yi wasa a Gouna. Sha'ibu ya sunkuci abokin karawarsa ya juya zai kayar, sai ƙafarsa ta dama ta kafe cikin rairayi. Jiki ya juya, ita ba ta juya ba. Ya yi kayen, amma ya ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwarsa. Kafin su iso gida ta kumbura kamar kabewa. Matarsa Tani ta dafa ruwa ta gasa masa da tsumma, yadda ta ga uwarta tana yi. Da safe kumburin ya ƙaru.

Ado ya goya shi a babur zuwa likitar garin, wato asibiti, wajen majo Abdullahi, babban ma'aikacin wurin. Majo ya dafa gwiwar a hankali.

"Ka ji ƙara lokacin da abin ya faru?"

"Na ji," in ji Sha'ibu.

"In ka taka, tana sulluɓe maka?"

"Kamar ba tawa ba, majo."

"To wannan ya wuce ɗan targaɗe. Akwai jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki, ita ce ta taɓu. Sabon ciwo ba ya son zafi, gashi ƙara masa kumburi yake yi. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora, in babu a jiƙa tsumma da ruwan randa. A ɗaure ba da tsanani ba, a ɗora ƙafar bisa matashi. Ga takarda, ku tafi Zinder a duba sosai. Kokawa kuwa, ka manta da ita bana, don ka samu ta baɗi."

Ado na tsaye ya ji komai da kunnensa.

Abin takaicin shi ne, saura kwana tara a yi wasa a Zinder na tace 'yan kokawar da jihar Damagaram za ta aika neman takobi, wato babbar gasar kokawa ta ƙasa, kuma sunan Sha'ibu na cikin takarda tun kafin ya ji ciwo. Da kumburin ya ɗan saɓe, sai suka yanke shawarar su tafi Zinder su yi kallo, kashegari su wuce babbar likita. Sha'ibu ya sa doguwar riga, ya bar layunsa a gida.

A ƙofar gida Tani ta tare Ado. "Amana na ba ka. Da ƙafa biyu ya fita."

"Haba Tani, ni ne fa," in ji Ado.

A hanya Sha'ibu ya ce masa, "Ka kaɗa wa kowa, ban da ni. Ka san halina. In na ji, ba zan iya zama ba."

"Wallahi ba zan kaɗa ba."

Fili ya cika maƙil. Aka yi ta karawa har aka kira sunan Sha'ibu. Ya sunkuyar da kai, bai motsa ba. Aka sake kira. Alƙalin wasa na shirin ɗaga hannun abokin karawar, sai wani makaɗi mutumin Miriya, Zakariya'u, ya ɗaga murya.

"Ado, ina bijimin naka? Ashe gangar taka ta daina tada mutum!"

Wurin ya fashe da dariya. Ado ya ji ta har cikin ƙashinsa. Daga baya ya sha gaya mini cewa hannunsa ne ya yi, ba shi ba. Ni dai na ce masa hannun nasa ne. Ya kaɗa taken.

Sha'ibu ya ɗago kai ya dube shi sau ɗaya, ba da fushi ba. Ya tuɓe riga, ya kwance ɗaurin gwiwa, ya shiga. Ba su kai ga riƙe juna sosai ba. Ya kafa ƙafar zai ja, sai gwiwar ta lanƙwashe gefe, ya zube. Fili ya yi tsit, kuma a cikin shirun ne Ado ya ji gangarsa ita kaɗai tana ƙara. Ya saki gular kiɗan, ya ruga.

A babbar likita aka ce jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, ta kuma ja wata ɓarnar. An yi abin da za a iya. Sha'ibu ya taka ƙasa, amma da ɗingishi, kuma bai sake shiga fili ba.

Ado ya rataye ganga a ɗaki. Da damina ta faɗi, gonar Sha'ibu yake fara nomewa kafin tasa. Tani ba ta taɓa zaginsa ba. Takan amsa gaisuwarsa, ta ajiye masa fura, ta koma ciki. Ya ce da ma zagin ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Wata rana bayan la'asar suna zaune a inuwa, Sha'ibu ya miƙe ƙafar bisa turmi, sai ya ce, "Je ka ɗauko gangar nan."

"Na bar kiɗa."

"Ka bari ka ci me? Ɗauko. Takena nake so in ji."

Ado ya ɗauko, ya ce, "Sha'ibu, ni na karya ka."

"Kai ka kira, ni na tashi. Mu biyu muka ji abin da majo ya ce. Na yafe maka tun a filin. Kaɗa."

Ado ya kaɗa a hankali, hawaye na zuba a kan fatar gangar. Tani ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Sha'ibu ya lumshe ido yana gyaɗa kai har aka kai ƙarshe.

"Ashe haka yake da daɗi," in ji shi. "Ban taɓa jin sa a zaune ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ciwon wasa ba a raina shi. Gaɓar da ta yi ƙara, ta kumbura nan take, ko ta ƙi ɗaukar mai ita, hutu take so da sanyi da idon likita, ba gashi da jarumta ba. Kuma mu da ke gefen fili, masu kiɗa da masu tafi, mu ma muna da hannu. Kada ka zuga wanda ka san yana da rauni don gudun a yi maka dariya. Waɗanda suka yi wa Ado dariya sun manta kafin su isa gida, Sha'ibu kuwa har yau yana ɗingishi.