Tsinken Kunne na Mai Babban Ɗaki

An ce a zamanin da, can gabas, bayan an wuce hamada an wuce duwatsun ƙanƙara, an yi wani Sarki a ƙasar Sin ana ce da shi Margan. Wata safiya fada ta cika, sai ya sa aka yi shela cewa daga ranar nan kada a sake ganin azurfa a kan wata mace a gidansa. Duk mai tsinke ko sandar kai ta azurfa ta miƙa, a musanya mata da zinariya. Mata suka yi ta murna, don wa zai ƙi a karɓi fari a ba shi ja?

Shawarar kuwa ta Wazirinsa ce, Jalafun. Shi ya zo da masu duban taurari, suka ce shekarar tana da nauyi a kan mai mulki, azurfa kuwa kayan makoki ce a ƙasar, bai kamata ta kwana gida ɗaya da Sarki ba.

Matan wannan fada ba kitso suke yi irin namu ba. Wata sanda ce mai faɗi, tsawonta ya kai kamu ɗaya, a gicciya ta a tsakiyar kai, a raba gashi biyu a naɗe shi a kanta, ya buɗe dama da hagu kamar fikafikan tsattsewa. A kan wannan ake soka furannin alharini, da tuntu mai lilo, da tsinkaye da aka manna wa gashin wani shuɗin tsuntsu na bakin kogi. Da ganin kan mace an san matsayinta, an san kuma halin da gidanta ke ciki. In ta fito da sandar azurfa tsura da farin fure ɗaya, to an yi mata mutuwa. Wadda kuwa ta yi wannan shiga alhali Sarki yana da rai kuma ba a yi rashi ba, baki ta yi masa, hukuncinta a aske mata kai a fitar da ita daga birni.

Mutum ɗaya ce ba ta yi murna da dokar ba, ita ce Mai Babban Ɗaki, mahaifiyar Sarki, sunanta Ilha. A cikin adonta akwai wani tsohon tsinken azurfa mai ɗan cokali a baki, na sakace kunne, gadon uwarta. Tun Sarki yana rarrafe yakan ɗora kai a cinyarta ta zare tsinken daga gashinta ta sosa masa kunne har barci ya ɗauke shi. Ya girma, ya hau gado, ya ci garuruwa, amma da la'asar in fada ta watse, sai ya shigo ɗakinta ya tuɓe hula ya kwanta kamar ɗan yaye.

Ba shi kaɗai ya san daɗin wannan cinya ba. Waziri Jalafun ɗan wan tsohon Sarki ne, maraya, ita ta riƙe shi tun kafin ta sami nata. Tare suka tashi da Margan, tare suka sha dukanta, kuma kullum suna faɗa a kan wanda za a fara sosa wa. Saboda haka ranar karɓar azurfa, Waziri da kansa ya zo ya durƙusa, ya miƙa mata wani tsinken zinariya mai ɗan cokali, an yi masa zanen ganyen kabewa. Ya ce, "Inna, na san abin da za ki fi kewa. Ga madadinsa, ni na tsaya a kan maƙerin har ya gama."

Ta sa masa albarka, ta soka shi a bayan kunnenta na dama. Azurfarta duk ta miƙa, in ban da sandar da ta yi takabar mijinta da ita. Wannan tana ƙasan akwati, ba kuwa wanda ya yi ƙarfin halin tambayar ta.

Ba a daɗe ba Sarki ya fara jin ƙugi a kunnen hagu, kamar ƙudan zuma sun shiga kansa. Daga nan sai jiri. In ya tashi daga karaga sai ya dafa bafade. Masu magani suka jiƙa, suka turara, suka shafa, ciwo sai gaba yake yi. In abin ya tsananta, ba inda yake samun sauƙi sai cinyar uwarsa, ita kuma duk wadda ta haifa ta san ba za ta zauna ta naɗe hannu ba. Ya ce yana jin ƙaiƙayi can ciki, ta zare tsinke ta sosa. Da can sau ɗaya ne a yini, yanzu har da hantsi.

Ilha ta zauna ta yi ta juya abin a ranta. Ta tuna a gidan ubanta ba a ba babba abinci sai an tsoma azurfa a ciki, don in da dafi takan yi baƙi. Ta ce wa tsohuwar jakadiyarta Usiha, wadda ke naɗa mata gashi tun tana amarya, wanda duk ya kori azurfa daga gida akwai abin da ba ya so ta gani. Usiha ta ce ai masu ɗanɗana abincin Sarki ga su nan ƙatti, har ɗayansu ya ƙara aure. Ilha ta ce ita dai jikinta ya ba ta.

Da ta gwada faɗa wa ɗanta, sai ya yi dariya, dariyar ta tayar masa da ciwon kai. Ya ce in dai Yaya Jalafun take nufi, gara ta ce hannunsa na dama zai sare na hagu. Ya roƙe ta kada ta sake ta da zancen.

Aka zo bikin shigowar bazara. Sarki ya zauna, idanunsa sun faɗa, hakimai da malamai da manyan fatake sun kewaye shi, mata sun jeru, kawunansu na walƙiya, tuntaye na lilo. Sai makaɗa suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Mai Babban Ɗaki ce ta shigo, ba fure mai launi, ba zinariya, sai sandar azurfa tsura da farin fure ɗaya.

Sarki ya dube ta ya ce a hankali, "Inna, wa ya mutu?"

Ta ce, "Allah Ya ba ka nasara, ba wanda ya mutu tukuna. Ɗa zan rasa, shi ya sa na shirya."

Ta zare sandar, gashinta fari ya zubo a gaban maza, abin da ba a taɓa gani ba. Ta tsoma ta a ƙoƙon Sarki, ta jira, ta ɗaga. Fara tas. Ta tsoma a miya, ta tsoma a romo, ta bi akusa ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. Azurfa ba ta sauya ba.

Malamai suka ce doka ba ta san uwa ba. Amma Waziri ya faɗi a gaban Sarki yana hawaye, ya ce tsufa ne da tausayin ɗa, a yafe mata yanzu-yanzu, a mayar mata da adonta, kada a raba uwa da ɗanta ko na yini ɗaya. Har ’yan fada suka riƙa cewa ka ji ɗan halak, an shafa masa kashin kaji yana rama wa da alheri. Sarki ya kawar da kai, ya ce a tsare ta a wani ɗaki na bayan lambu har tsayuwar wata, sa'an nan a yanke hukunci.

Washegari Waziri ya aiko mata da kayan adonta na zinariya duka, ya ce kada ta zauna kai ba ado, shi kuwa yana nan yana lallashin Sarki ya zo ya gaishe ta. Ilha ba ta sa ko ɗaya ba. Usiha ta zuba su a akwati tare da sandar azurfa ta rufe. Sarki kuwa zuciya ta hana shi zuwa.

Bayan ’yan kwanaki Usiha ta dawo daga kicin da labari, ta ce Sarki ya ci abinci ya nemi ƙari. Can kuma ta ce yau ya hau doki. Ilha ta yi godiya ga Allah, amma sai ta shiga tunani. Abincin nan shi ne na da, masu dafawa su ne na da. Me aka cire daga rayuwarsa? Ita kaɗai.

Ran nan Usiha tana taje mata kai a bakin ƙofa, inda rana ke faɗowa, sai ta tsaya. Ta ce, "Ranki ya daɗe, wani ɓera ne ya yi miki aski a nan?" A bayan kunnen dama, daidai inda tsinken zinariya ke zama, gashi ya zube, fatar ta yi tabo kamar ƙuna. Ilha ta shafa wurin. Ta ce a kawo akwati. Da aka buɗe, ga bakin ɗan cokalin tsinken nan na Waziri ya kwanta a kan sandar azurfa, ya bar mata wani baƙin zane kamar an ja da gawayi.

Ta daɗe tana kallon hannunta na dama. Ana zaton wuta a maƙera, ashe a masaƙa ta tashi. Usiha ta ce bari ta ruga ta gaya wa Sarki. Ilha ta riƙo zanenta, ta ce tsinken a kanta ya kwana, da hannunta aka sosa, in aka kai wannan fada haka nan wa za a ce ya sa dafin? Ta ce ta naɗa mata gashi kawai.

Da wata ya tsaya aka taru. Ta shigo da cikakken ado, fikafikan gashinta a buɗe, furanni ja da shuɗi, tsinken zinariya a inda ya saba zama. Waziri ya sake tashi ya yi roƙo mai ratsa zuciya. Ya ce ga shi ta tuba ta koma ga doka, kuma maganin bakin uwa sai hannun uwa. Ya ce bari Sarki ya ɗora kai a cinyarta yau a gaban jama'a, ta sosa masa kunne kamar yadda aka saba, kowa ya shaida an shirya. Malamai suka ce wannan magana ta yi. Sarki ma, da kewa ta riga ta cinye shi, ya fara kwance igiyar hularsa.

Aka shimfiɗa darduma. Ilha ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta gyara zane a cinyarta, ta zare tsinken. Ta ce, "’Ya’ya biyu na raina a nan, kuma duka biyun na ɓata wa rai. A ɗakina da babba ake farawa. Zo, Jalafun."

Waziri ya yi murmushi ya ce wane shi ya riga Sarki. Ta ce yau ba Sarki ba Waziri, sai wa da ƙane. Ya ce ai kunnensa lafiya lau. Ta ce da ma ba don ciwo take sosa musu ba. Ya ce gemunsa ya fara furfura, jama'a za su yi dariya.

Sarki ya saki igiyar hularsa ya zuba masa ido. Ya ce, "Yaya, kai da ka taɓa fasa mini leɓe don a fara da kai? Kwanta."

Ba yadda zai yi. Ya durƙusa, ya cire hula, ya ɗora kai a cinyar da ta raine shi. Ilha ta ji wuyansa ya sandare, ta ji zufarsa ta ratsa zanenta. Ta shafa masa kai da hannun hagu kamar da, ta kama leɓatun kunnensa ta ja a hankali. Ta kai tsinken bakin kunnen. Da sanyin zinariya ya taɓa shi, sai ya cafke wuyan hannunta da ƙarfi har tsinken ya faɗi ƙasa.

Ta dube shi ta ce, "Me kake tsoro, ɗana? Ba kai ka tsaya a kan maƙerin ba?"

Usiha ta fito da sandar azurfa ta ajiye a gaban Sarki, kowa ya ga baƙin zanen. Ilha ta ɗaga fure ta nuna tabon kanta. Sarki ya sa aka karya tsinken, sai ga shi rami ne a ciki, cike da wani baƙin maiƙo da ɗumin kai ke narkarwa ya tsattsafo ta bakin cokalin. Aka kawo maƙerin, tun ba a ɗaga masa bulala ba ya faɗi wanda ya sa shi. Jalafun kuwa bai yi musu ba. Abin da ya ce kawai shi ne ubansa ne babba, amma aka ba ƙane gado, shi aka ba shi cinya.

Sarki ya ba malamai hukunci, suka yanke abin da ake yanke wa mai neman ran mai mulki, aka fita da shi. Ilha ba ta roƙa masa ba, ba ta kuma ɗaga kai ta ga fitarsa ba. Sai ta fara zare furanninta ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a darduma, ta ce wa Usiha ta miƙo sandar. Wani malami ya buɗe baki zai tuna mata doka, babbansu ya ɗaga masa hannu. Ya ce ta faɗa tun ranar biki ɗa za ta rasa, ga shi kuwa ta rasa, ba ta da laifi a wancan makoki balle wannan.

A ranar aka soke dokar, azurfa ta koma kawunan mata, aka naɗa wani dattijo mai tsoron Allah wazirci, ƙasa ta zauna lafiya. Sarki ya warke ya daɗe yana mulki da adalci, sai dai kunnen nan na hagu bai ƙara jin komai ba. Gashin Ilha ma bai sake tsirowa a wurin ba.

An nemo mata tsohon tsinken uwarta aka mayar mata, ta soka shi a kai, amma har ta bar duniya ba ta sake zare shi ba. Da la'asar Sarki yakan shigo ya tuɓe hula ya kwanta, in ya ce kunnensa na ƙaiƙayi, sai ta rufe kunnen da tafin hannunta, ta bar shi a nan har ya yi barci.

Iyakar abin da ya iso mu ke nan. Allah Ya tsare mana ’ya’yanmu daga sharrin na nesa da na kusa, Ya tsare su har daga abin da ke hannunmu ba mu sani ba.